Waɗanne kifayen tang ne za su iya zama tare a akwatin murjani mai lita 1400?

Ɗan Mokoyo ya rubuta:

Assalamu alaikum, ƴan'uwa masu kiwon kifin ruwan gishiri. Ina da akwatin gilashi a gidana nan Maraɗi, tsawonsa santimita 250, faɗinsa 80, tsayinsa 70, wato yana ɗaukar lita 1400 kafin a cire wurin da duwatsu da yashi suka ci. Ruwan ya daidaita, murjani masu laushi, wato halittun teku masu rai da ke manne a jikin duwatsu, sun fara yaɗuwa, kuma kifayen da ke ciki yanzu ƙanana ne marasa faɗa. Burina shi ne in saka kifayen tang, wato wani dangin kifayen ado na teku, guda shida: rawaya (Zebrasoma flavescens), mai launin shunayya na Bahar Maliya (Zebrasoma xanthurum), mai faffaɗan fiffike (Zebrasoma desjardinii), mai shuɗin toka da baƙar fuska (Acanthurus leucosternon), sohal (Acanthurus sohal), da shuɗi mai wutsiya rawaya (Paracanthurus hepatus). Tun da kowane kifi sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya iso mana, ba na so in kashe kuɗi a kan abin da zai hallaka ɗan'uwansa. Wanne zan bari, wanne zan cire, kuma da wanne zan fara?

Mai Gilashi ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Akwatinka babba ne, tsawon santimita 250 kuwa shi ne abin da ya fi muhimmanci a wurin tang, domin kifi ne da ke wuni yana iyo daga wannan gefe zuwa wancan yana kiwon gansakuka, saboda haka nisan da zai iya miƙewa ya fi masa amfani a kan zurfin ruwa. Amma jerin da ka kawo ba zai zauna lafiya ba kamar yadda yake.

Tang ba ya faɗa da kowa haka kawai. Yana faɗa ne da wanda yake gani a matsayin abokin takara a wurin kiwo, kuma yana gane shi ta siffar jiki da launi. Shi ya sa nau'o'in da suka fito daga jinsi ɗaya, wato waɗanda kalmar farko ta sunansu na kimiyya ɗaya ce, suka fi saurin kama juna. Ka sanya Zebrasoma har uku a jerinka, dukkansu masu jiki kamar faifai da dogon baki, kuma a cikinsu mai launin shunayya ya yi suna wajen zafin rai, musamman idan ya riga sauran shiga. Haɗa shi da rawaya tamkar haɗa zakaru biyu ne a akurki ɗaya. Wani lokaci sukan raba wuri su haƙura, amma sau da yawa ɗaya ne ke ƙarewa a lungu ba ya cin abinci. Faɗan nasu kuma ba wasa ba ne, domin kowanne yana da ƙaya mai kaifi kamar aska a gindin wutsiya, wadda yake kwantar da ita sai lokacin rigima ya miƙe ta ya yi sara da gefen jiki.

Sohal kuwa ka cire shi gaba ɗaya. Yana kai santimita 40, kuma yawan girmansa yawan mugun halinsa. Yana ƙarami za ka ga kamar ba shi da matsala, amma idan ya balaga sai ya ɗauki akwatin duka a matsayin gonarsa, ya hana kowa sakewa. Haka ɗan'uwansa Acanthurus lineatus yake, idan wani ya yi maka tayinsa.

Da ni ne, zan ɗauki ɗaya daga kowane jinsi, in tsaya a kan huɗu. Zan fara da wani jinsin tang mai suna Ctenochaetus, ko dai strigosus mai rawayan ido ko tominiensis, waɗanda ba sa wuce santimita 18 ko kusa da haka. Ba ka ambace su ba, wataƙila don launinsu bai kai na sauran ɗaukar ido ba, amma haƙoransu siriri ne kamar na buroshi, da su suke kankare ƙurar gansakuka da dattin da ya kwanta a kan duwatsu, wato abincinsu ya ɗan bambanta da na sauran, rigimarsu kuma kaɗan ce. Bayansa sai Paracanthurus hepatus, wanda ke kai santimita 30 amma ya fi son cin ƙananan halittun da ke yawo a ruwa, kuma da ya tsorata sai ya shige tsakanin duwatsu ya kwanta. Na uku Zebrasoma ɗaya tak, rawaya ko desjardinii, tare da sanin cewa desjardinii zai ninka rawaya girma. Acanthurus shi ne na ƙarshe, domin ƙa'idar ita ce mai sanyin hali ya riga shiga, mai zafi ya tarar da wuri a mallake.

Uwargida Zariya ta rubuta:

Na yarda da abin da Mai Gilashi ya faɗa game da jinsi da tsarin shigarwa, sai dai ina ganin, yayana, akwai abin da ya kamata a sanya a gaba kafin launi da hali, wato garin da akwatin yake. Murjani da waɗannan kifaye suna son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salsiyus, mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafin waje yana haura digiri 40. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa kamar mai sanyi, ruwan gishiri ma tun asali bai kai ruwan daɗi riƙe ta ba, kuma tang na daga cikin kifayen da suka fi buƙatarta saboda ba sa tsayawa wuri ɗaya. Idan kuran ya ɗauke da tsakar rana, famfunan suka tsaya, manyan tang ne ke fara numfashi da ƙyar kafin ƙananan kifaye su ji komai. Don haka duk tang ɗin da ka ƙara, ka rage lokacin da akwatinka zai iya jurewa babu wuta. Ba zan shawarci kowa a garin nan ya saka ko guda ɗaya ba sai yana da na'urar sanyaya ruwa ko kilim a ɗakin, da batir ko faifan hasken rana da zai riƙe aƙalla famfon da ke kaɗa saman ruwa, ko da gurup ya ƙi tashi.

Saboda wannan dalili ne nake ganin Acanthurus leucosternon bai dace ba. Kyakkyawan kifi ne, babu musu, amma yana cikin waɗanda suka fi saurin kamuwa da cutar fararen ɗigo da ƙwayar Cryptocaryon irritans ke haddasawa, kuma wahalar tafiya da canjin zafi su ne ke buɗe mata ƙofa. Acanthurus achilles ya fi shi wuya, domin a teku yana zaune ne inda igiyar ruwa ke dukan duwatsu, inda iska ta wadata. Idan dole sai an sa Acanthurus, to triostegus mai farin jiki da baƙaƙen ratsi ya fi sauƙin hali nesa ba kusa ba, ko da yake shi kuma sau da yawa shi ake zalunta, don haka sai a shigar da shi da wuri.

Kada kuma ka zuba sabon kifi kai tsaye cikin babban akwati. Ka tanadi ƙarami na keɓewa, ka riƙe shi wata guda kana lura da fatarsa da cin abincinsa. Maganin da ake yi da jan ƙarfe yana kashe ƙwayar cutar, amma yana kashe murjani da katantanwa da jatanlande, kuma duwatsu na shanye shi, saboda haka ba a taɓa zuba shi a akwatin murjani. Idan cutar ta shiga, sai an kwashe kifayen duka an bar akwatin babu kifi fiye da wata biyu, kama tang a tsakanin duwatsu kuwa aiki ne da ba ka so ka gwada.

Ɗan Mokoyo ya rubuta:

Na gode, Malam, na gode, Hajiya. Sanyaya ruwa da batir duk na tanada. Na haƙura da sohal da leucosternon. Abin da ya rage mini shi ne rawaya: mai sayarwa ya ce mini yanzu yana da tsada sosai, kuma wanda zai samo mini ƙarami ne ƙwarai, launinsa ma bai fito ba. Shin wannan ba alamar rashin lafiya ba ce? Kuma ƙarami irin wannan zai iya zama da shuɗin da ya fi shi girma?

Malamin Kimiyya ya rubuta:

Tsadar tana da dalili, ƙanena. Mafi yawan rawayan da ake sayarwa a da daga tsibiran Hawai na Amurka ake kamo su, kuma a farkon shekarar 2021 hukuncin kotu ya dakatar da kamun kifin ado don kasuwanci a can. Kafin wannan, a 2015, masu bincike na Oceanic Institute a Hawai sun yi nasarar ƙyanƙyashe shi da rainonsa a tanki, shuɗin hepatus ma an samu irin wannan nasara a Jami'ar Florida a 2016. Waɗanda aka haifa a tanki ana sayar da su suna ƙanana, jikinsu fari-fari har kamar ana ganin cikinsa, sai sun girma rawayan ke kama su sosai. Saboda haka rashin launi kaɗai ba ciwo ba ne. Abin da za ka duba shi ne cikinsa da bayan kansa: idan sun lotsa, kifin ya daɗe bai ci ba. A ganina ma irin wannan ya fi dacewa da mu, domin ya saba da abincin da ake ba shi da hannu, kuma ƙaramin kifi ya fi jure zama a leda, ko ta Yamai ya biyo ya yi fiye da kilomita 600 a mota, ko ta Kano da Katsina ya shigo ta Ɗan Isa.

Game da zama da shuɗin, ba na jin tsoro sosai, tun da siffarsu da launinsu da abincinsu sun bambanta. Duk da haka, bayan keɓewa ka sa shi cikin ƙaramin keji na roba mai huji a cikin babban akwatin na ƴan kwanaki, su riƙa ganin juna ba tare da taɓa juna ba. Ranar da za ka sake shi, ka ciyar da tsofaffin tukuna, ka rage haske, kuma kana iya jingina madubi a jikin gilashi domin wanda ya fi zafi ya shagala da faɗa da hotonsa. Busasshiyar ciyawar teku da ake kira nori ka maƙala ta a wuri biyu masu nisa da juna kowace rana, ta yadda kifi ɗaya ba zai iya tsare duka biyun ba, ka kuma tabbatar ba mai gishiri ko mai ba ce irin wadda ake yi don cin mutane.

A wuri ɗaya na saɓa wa Mai Gilashi: ni zan tsaya a kan uku, Ctenochaetus da hepatus da rawaya, har akwatin ya wuce bazara ɗaya da su. Idan ka ga a watan Mayu numfashinsu bai canza ba kuma zafin ruwan bai haura digiri 27 ba, sai a sake maganar na huɗu.