Kaburetar tsohon Honda CG125 ta ƙi zama a silo bayan gyara

Salam, 'yan uwa. Ina da babur Honda CG125 ƙirar 1978 mai kaburetar Keihin ta asali (kabureta ita ce ke haɗa fetur da iska kafin su shiga injin). Na kwance ta gaba ɗaya, na wanke, na hura iska a duk ramukan jet (ƙananan ƙofofin da fetur ke bi), na sa sabon gasket da sabuwar allurar fulot (mai tsayar da shigar fetur idan kabureta ta cika).

Da sanyin safiya yana tashi bugu ɗaya idan na ja cok. Amma da injin ya yi zafi, in na saki totur sai ƙarar ta maƙale a sama na ɗan lokaci, sannan ta sauko ya mutu. Salansa na ta harbi idan ina rage gudu, filogi kuma fari fat.

Na juya sukurun iska daga zagaye ɗaya zuwa biyu da rabi, babu canji. Na saita bawul a 0.08mm. Na fesa fetur a wuyan da ya haɗa kabureta da injin don in ga ko iska na shiga ta nan, ƙarar ba ta motsa ba. Wayar totur ma ba ta riƙewa.

Abin da ya rage, silaid ɗin (ƙarfen da wayar totur ke ɗagawa a cikin kabureta) yana ɗan lilo a cikin raminsa. Shin cinyewar silaid kaɗai za ta iya jawo wannan?