Silo da bakfaya: mu raɗa wa ciwon tsohon injin jirgi suna da Hausa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Neman kalmarmu ta yau ta bakin ruwa ce, kan injin nan da ake maƙalawa a bayan kwale-kwale. Masu fito da masunta da 'yan yashi na Kogin Kaduna, da na dam ɗin Kangimi, har can Shiroro a Jihar Neja, wanda duk ke da inji a cikinsu galibi tsohon Yamaha Enduro ne, mai ƙarfin doki 15 ko 40. Irin injin da ake zuba wa fetur haɗe da baƙin mai ne, tsarinsu ɗaya da ƙaramin janaretan Tiger. Idan ya tsufa, ƙorafi biyu ake kai wa bakanike: ba shi da silo, kuma yana bakfaya, wato ƙarar fashewar nan da inji ke yi.

Silo dai ku bar shi. Ya zama ɗan gida kamar fulogi da kafireta da totur, kowa ya san ana nufin inji yana juyi a hankali ba a ba shi wuta ba. Abin da ba mu da shi suna ne na halin da silon yake ciki idan ya ƙi zama daidai, ya hau ya sauka, ya yanke ya kama. "Ba shi da silo" ya haɗa wannan da injin da ke mutuwa ɗungurungum da an saki totur, alhali ba ciwo ɗaya ba ne.

Cikin sunayen da 'yan uwa suka ba da shawara a raɗa wa wannan hali, an kawo karkarwa, an kawo gargada, an kawo ɗingishi. Karkarwa ban karɓe ta ba, domin inji lafiyayye ma yana karkarwa idan farfela ta lanƙwashe ko robobin da ke riƙe da shi sun mutu, ka ga kalmar za ta tura bakanike inda ba can ne ciwon yake ba. Gargada ta hanya ce, ana jin ta a jiki, mu kuwa abin da muke son kamawa a kunne ake jin sa.

Tawa shawarar ita ce in'ina. Inji yana in'ina a silo. Yana son ya ja sautinsa a jere, sai ya sarƙe, ya maimaita, ya wuce. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaɓa ana ɗumama tsohon inji da asuba zai gane ba tare da an yi masa bayani ba.

Ɗingishi kuma kada mu yar da ita, tana da gurbinta. Waɗannan injinan silinda biyu gare su. Idan fulogi ɗaya ya mutu ko kwail ɗinsa, wato abin da ke tura wa fulogi wuta, ya daina aiki, sai inji ya koma tafiya da silinda ɗaya, ƙarfi ya ragu, ko an ba shi wuta ba ya miƙewa. Wannan shi ne ɗingishi.

Yanzu ga inda na fi damuwa. Bakfaya kalma ɗaya ce da muke jibga wa abubuwa biyu masu sabubba daban, kuma wannan haɗin yana sa mutane asarar kuɗi. Akwai fashewar da ke dawowa ta bakin kafireta, akwai wadda ke tashi ta hanyar fitar hayaƙi.

Ta farkon nake so mu kira atishawa. Ƙara ce gajera, fit, wani lokacin da feshin mai ko ɗan harshen wuta, inji ya ɗan tsaya sannan ya ci gaba ko ya mutu. Sababinta mafi yawa shi ne iska ta rinjayi mai. Ko dai ɗan ramin jet ɗin silo ya toshe da daskararren tsohon fetur, ramin da bai fi tsinin allura ba, ko kuma iska na satar hanya ta tsagaggen tiyo, ko gaskit, ko sil ɗin karanshaf, wato robar da ke toshe bakin sandar da fiston ke juyawa, da ya bushe. Gwajin ba ya cin ko kwabo: a ja cok, wato abin da ke rage iskar da ke shiga kafireta, kaɗan, ko a matsa robar famfon da ke kan tiyon mai. Idan in'inar ta lafa, atishawar ta ɗauke, to yunwar mai ce. A kwance kafireta a wanke, a hura ramukan da iska, kada a soka musu waya don tana buɗa ramin ya wuce ƙa'ida. A duba gindin tanki ko ruwa ya kwanta, musamman ga mai sayen man jarka.

Dalilin da ya sa na nace ke nan. A irin wannan injin, baƙin man da ke shafe fiston tare da fetur yake shiga. Ma'aunin da aka fi sani shi ne 50 da 1, wato rabin lita na baƙin mai a tankin lita 25, sai dai in littafin injin ya faɗi wani abu daban. Idan fetur ya yi ƙaranci a ciki, baƙin mai ma ya yi ƙaranci, zafi ya ƙaru, fiston ya fara cin jikin silinda. Mai jirgin da ya ƙyale atishawa yana cewa ai tsufa ne, ƙarshenta injin bugawa zai yi, kuɗin wankin kafireta ya koma kuɗin fiston da ringi. Ku ciro fulogi ku duba: ruwan ƙasa lafiya ce, fari tas yunwar mai ce, baƙi jiƙaƙƙe kuwa mai ne ko baƙin mai ya yi yawa.

Ta biyun harbi ce. Ƙara mai nauyi, daga ƙasa, don hayaƙin injin jirgi ta ƙafarsa yake bi ya fita cikin ruwa. Man da bai ƙone a silinda ba ne yake taruwa ya kama daga baya. Nan a fara da ɓangaren wuta: fulogi, wayarsa, kwail, sannan tayimin, wato lokacin da wuta ke zuwa wa fulogi. Mutanen Kogin Kaduna su lura da wannan musamman, kogin duwatsu ne, da rani ruwa ya ja baya sai farfela ta yi karo. Karo mai ƙarfi yakan karya ɗan makullin ƙarfen da ke riƙe filawil, wato faifan ƙarfen nan mai nauyi da ke juyi a saman inji, a mazauninsa, filawil ya goce, wuta ta riƙa zuwa ba a kan lokaci ba. Alamarsa ita ce harbin ya fara ne bayan karon, kuma igiyar tayarwa tana fizge hannu. Irin wannan ko sau goma aka wanke kafireta ba zai daina ba.

Abu guda a gefe, Malam bakanike: kada a daidaita silo a tudu. Ruwa yana danne hayaƙi, don haka silon da ya zauna a waje yakan mutu da an saka jirgi a kogi an shiga giya. Banda haka, robar famfon sanyaya inji ƙonewa take yi nan da nan idan ba ruwa. In ba za a je kogi ba, a tsoma ƙafar injin a duro cike da ruwa. Kuma idan an yi duk wannan in'inar ba ta tafi ba, a auna matsin silinda biyun. Bambancin da ya wuce kashi 10 cikin 100 yana nuna ciwon a ciki yake.

Wani zai ce duk wannan wahalar ta mene ce, ai bakanike ya gane bakfaya. Masunci a Kangimi da ya bugo wa bakanike waya a kasuwar Panteka ta Kaduna ba zai iya ɗauko injin ya nuna ba, bakinsa ne kawai zai yi aiki. In ya ce atishawa, oga ya taho da kayan kafireta da tiyo. In ya ce harbi, ya taho da fulogi da kwail da abin cire filawil. Ga kuma rai: a watan Agusta da Satumba kogin yana cika ya yi ƙarfi, injin da ke mutuwa a silo yana mutuwa ne daidai lokacin da aka rage wuta za a sauke fasinja a gaɓa.

An yi mini gyara guda kan kalmar harbi, kuma gaskiya ce. A halin da ƙasa take ciki, mutum ya ɗaga waya a bakin kogi ya ce "ana harbi" zai iya tarwatsa jama'a. Masu cewa a yi amfani da tusa, ba kalmar da yaro zai faɗa gaban ubangidansa ba ce. Don haka a riƙa faɗin harbin a cike: harbin salansa. Injin jirgi ba shi da salansa irin ta mota, amma duk Bahaushe ya san salansa ita ce mafitar hayaƙi, kuma kalmar za ta yi wa mai babur da mai janareta aiki kamar yadda za ta yi wa mai jirgi.