Ta yaya za mu adana tarihin koyon kalangun yaranmu?

Uwar Biyu, Mabera:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sani. Gidan mijina gidan kiɗa ne, kuma surukina ya shafe fiye da shekara 40 yana kaɗa kalangu a Sakkwato da ƙauyukan kewaye. Tun bara ya fara koya wa jikokinsa biyu, mai shekara 8 da ƙanensa mai shekara 6, kowace Alhamis da Juma'a da yamma, lokacin da babu Islamiyya. Nakan ɗauke su bidiyo, amma da wayar ta lalace a watan Afrilu, rabin abin da na tara ya salwanta, sauran kuma ba su da kwanan wata, har na kasa gane wanda ya riga wani. Wace hanya zan bi don mu riƙa ganin ci gabansu, kuma ya dace in sa su a Facebook?

Malamin Firamare, Arkilla:
Wa alaikumus salam, Malama. Yawan bidiyo ba shi ne ke nuna ci gaba ba. Ki roƙi Baba ya zaɓi take guda ɗaya, yaran su kaɗa shi a farkon kowane wata, a wuri ɗaya, wayar kuma tana ajiye a nisan da ba ya canzawa. Kafin yaro ya ɗaga makaɗi, ya faɗi ranar da bakinsa. Ki kuma tanadi littafi ki rubuta yanayin garin, domin fatar kalangu tana ɗamewa da hunturu sautinta ya yi kaifi, da damina kuwa ta saki ya yi nauyi, kuma wanda bai san haka ba zai zaci hannun yaron ne ya lalace. Kwafi biyu za ki ajiye, ɗaya a memori, ɗaya a imel.

Dattijon Kanwuri:
'Yata, Allah ya yi wa zuri'a albarka. Malam ya yi gaskiya, sai dai akwai abin da ya fi wannan gaggawa: ki ɗauki kakan kansa. Kalangu magana yake yi. Makaɗi yana matse tsarkiya a hammata sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, yana bin karin harshen Hausa, saboda haka kowane take yana da kalmomin da ke ƙarƙashinsa. Yaro yana iya haddace bugun bai san abin da gangar ke faɗi ba. Ki sa tsohon ya kaɗa taken, ya furta kalmominsa, ya bayyana ko na mahauta ne ko na 'yan dambe, sannan yaran su biyo baya, ki kuma matso da wayar kusa da hannunsa na hagu, domin a nan gwanintar take. Muna da faifan Narambaɗa da kotsonsa, da na Salihu Jankiɗi da taushinsa, amma makaɗan unguwa da yawa da na tashi ina ji sun tafi da abin da suka sani, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Hajiya, Runjin Sambo:
Game da Facebook, ni dai ban goyi baya ba. Har yanzu akwai masu yi wa ɗan makaɗi gori da sunan maroƙi, kuma bidiyon da ya fita ba ya dawowa. Ki tura wa dangi na kusa kawai, idan yaran sun mallaki hankalinsu su zaɓa da kansu.

Uwar Biyu, Mabera:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na gaya wa Baba jiya bayan la'asar, ya amince, har ya ce zai fara da taken da mahaifinsa ya fara koya masa. Na sayi littafin, kuma ranar Alhamis za mu yi ɗaukar farko a zaure, in Allah ya yarda.