Wai menene aikin ƙungiyar masu ilimin abinci ta Ghana, kuma ya ake gane na gaskiya a cikinsu?

Maman Hanan (Aboabo):
Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah masu aikin asibiti a cikinmu ku taimaka min da bayani. Mma ɗinmu tana da ciwon suga ga kuma hawan jini, tana karɓan maganinta a asibiti lafiya lau, to sai wata maƙwabciyarmu ta haɗa mu da wani mutum da take bi a TikTok wai shi nutirishanis ne, mukayi magana dashi ta WhatsApp yace Mma ta bar tuwo kwatakwata, ta bar koko, ta bar shinkafa, sai ganye da wani gari da shi da kanshi yake saidawa roba ɗaya sidi 350, kuma wai in ta jure tana sha zata iya aje maganin asibitin gaba ɗaya. Da na ɗan nuna shakka sai yace ai shi memba ne a ƙungiyar masu ilimin abinci ta ƙasa, harda turo min hotonshi da farin kwat a wajen wani taro.

Tambayata, wai akwai wannan ƙungiya da gaske? In akwai menene aikinta, ita ke ba mutum izini ya riƙa faɗa wa marasa lafiya abinda zasu ci? In ya cuce mu wajenta zamu kai ƙara? Sannan ƙanwata tana babbar sakandare, wato SHS, tana cewa wannan karatun take so tayi, ni kuma wlh ban san ko aiki ne da ake ci dashi a ƙasan nan ba.

Baba Sawaba:
Wa'alaikumus salam 'yata. Ni dai abinda na sani ƙungiyoyin nan duk ɗaya suke, a tara kuɗin wata, a ɗinka atamfa iri ɗaya, aje otal ayi taro a ci abinci a watse. Farin kwat kuwa ki shiga Kejetia yanzu zaki samu na saidawa. Kar ki bari tsohuwa ta aje maganinta saboda maganar ɗan TikTok. Allah ya ƙara mata lafiya.

Rukayya RD:
Amin Baba. Maganar kwat da maganar magani kayi gaskiya, amma na ƙungiya kam zan ɗan ja da kai cikin ladabi, dan aikina kenan, dayatishan ce ni a wani asibiti nan Kumasi.

Maman Hanan abu biyu ne mutane ke haɗawa wuri ɗaya, kuma irin mutanen nan da gangan suke haɗa su. Na farko hukuma ce ta gwamnati, Allied Health Professions Council, muna ce mata AHPC ko kansul kawai. Doka ce ta kafa ta, Act 857 ta shekarar 2013, ita ke kula damu da 'yan lab da masu gashin ƙashi da masu ɗaukan hoton ekisire da sauransu. Ita ke jarrabawa, ita ke sa sunanka a rajista ta baka lamba, ita ke da ikon ƙwace lasin in kayi ɓarna. Na biyu ita ce ƙungiyar da kike tambaya, eh akwai ta, sunanta Ghana Academy of Nutrition and Dietetics, GAND. A da biyu ne, dayatishan nada tasu Ghana Dietetic Association, nutirishanis nada tasu Ghana Nutrition Association, daga baya aka haɗe suka zama ɗaya. Kaman dai direban trotro ne, DVLA ke bashi lasin, GPRTU kuma ƙungiyarsu ce ta direbobi, in mutum ya nuna miki katin GPRTU bai nuna miki lasin ba. Saboda haka ko da gaske ne yaje taron ƙungiya an ɗauke shi hoto, wannan bai zama izini ba, taro ai ɗalibai ma na zuwa, 'yan kamfani masu talla ma na zuwa. Ki ce masa ya turo miki lambar rajistarsa ta AHPC da sunan makarantar da ya gama, na gaskiya baya jin haushin wannan tambaya, in kin samu sai ki tuntuɓi kansul ɗin ki tabbatar. Ƙara ma can ake kaiwa, GAND bata kama mutum, bata rufe shago.

To in bata bada lasin me take yi? Lasin ɗinmu ba na har abada bane, ana sabunta shi, kuma kafin a sabunta maka sai ka nuna ka ci gaba da karatu, akwai maki da ake tarawa na ƙarin karatu a kan aiki da muke ce wa CPD, kuma taro da bitocin ƙungiya na cikin manyan wuraren da muke samun makin nan. Taron otal ɗin da Baba ke faɗa kenan, eh ana cin abinci ba ƙarya, amma a nan ne wanda ke aiki shi kaɗai a asibitin gunduma can nesa, ba wani na gaba dashi da zai tambaya, yake jin yanda ake lissafin abincin mai ciwon ƙoda da ke kan dayalisis, ko yanda ake ciyar da wanda aka sa wa tiyo ta hanci. Na biyu, baki ɗaya take mana in za'ayi magana da gwamnati. Ni kaɗai in na rubuta wa majalisa takarda wa zai karanta? A 2023 da aka gyara dokar haraji aka sa kashi 20 cikin ɗari akan lemukan da ake zuba wa suga, GAND na cikin waɗanda suka haɗa kai da makarantar kiwon lafiyar jama'a ta Legon da Ghana NCD Alliance, ƙungiyar yaƙi da cututtuka marasa yaɗuwa irin su suga, suka yi ta turawa. A shekarar dai aka ƙaddamar da littafin jagoran cin abinci na ƙasa na farko a ƙarƙashin ma'aikatar abinci da noma, kafin nan mu kanmu da takardun Amurka da Ingila muke ta fama muna juya su zuwa banku da tuwon zafi. Na uku, in wata ƙarya ta yaɗu a rediyo ko Facebook, ita ya kamata ta fito tace ba haka bane.

Sannan aikin ma kashi biyu ne duk da muna ƙungiya ɗaya. Dayatishan shi ke zama da mara lafiya ɗaya ɗaya, ya duba fayil ɗinsa, sakamakon jininsa, magungunan da yake sha, sannan ya tsara masa abinci. Nutirishanis yawanci aikin jama'a yake, wajen awon yara, masu ciki, shayarwa, abincin makarantu, gishiri mai ayodin, yaran da suka rame. Dukansu aiki ne babba, binciken lafiya na ƙasa na 2022 ya nuna wajen yaro ɗaya cikin shida 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, mata kusan huɗu cikin goma na da ƙarancin jini, ga kuma ƙiba ta kama kusan rabin manyan mata, duk a ƙasa ɗaya, wani sa'in ma a gida ɗaya. Amma mai suga da hawan jini da ke shan magani kaman Mma, wajen dayatishan ya kamata ta je, ki roƙi likitanta ya rubuta mata takarda, asibitin Komfo Anokye da muke ce wa Gee akwai su.

Ba zan tsara mata abinci a nan ba tunda ban ga fayil ɗinta ba, amma abu ɗaya zan faɗa da ƙarfi, mutumin da ke shan maganin sauke suga ko yake allurar insulin in ya yanke tuwo da shinkafa lokaci guda sugan na iya faɗuwa ƙasa sosai, rawan jiki, zufa, jiri, har suma. Mu ba ma hana tuwo. Girman malmalan muke ragewa, mu ƙara miyan ayoyo ko kuka ko kuɓewa, a sa wake da kifi, a rage magi da gishiri a koma daddawa, koko kuma a daina zuba masa suga cokali uku ana haɗawa da burodi da pinkaso.

Ɗan Nima:
Anti Rukayya kin gama magana, Allah ya saka. Ni nutirishan na karanta a jami'ar UDS Tamale, na gama bautar ƙasa, lasin ɗina na hannu, ina Accra ina jiran a ɗauke mu aiki kaman sauran 'yan ajinmu da yawa, a yanzu haka wayoyi nake saidawa a Circle. Ban faɗa dan in karya wa ƙanwar Maman Hanan gwiwa ba, tayi karatunta, amma ta shiga da ido biyu. Sayans ake so a SHS, kemistiri da bayoloji su yi kyau a WASSCE. Makarantu akwai, Jami'ar Ghana suna da dayatetiks a Korle Bu, nutirishan da kimiyyar abinci kuma a Legon, akwai KNUST nan kusa daku, akwai UHAS a Ho, akwai Cape Coast, akwai namu UDS. Kafin ta cike fom ta tabbatar kwas ɗin da ta zaɓa kansul ya amince dashi kuma ta san wane lasin zai kai ta, dan sunayen kwasa-kwasan suna kama da juna, mutum na iya shiga yana zaton asibiti zai ƙare sai a ƙarshe ya ga hanyar kamfanin abinci ya bi. Bayan digiri akwai shekaran koyon aiki da jarrabawar kansul.

Inda nake so ƙungiya ta ƙara ƙoƙari shine zango. Tsohuwa a Nima ko Mamobi ko Aboabo in an bata takarda da Turanci an rubuta oats da burodin alkama da salad, me zata yi da ita, zata ninke ta sa a ƙarƙashin filo ta koma wajen mai gari dan shi yana mata Hausa, yana ce mata Hajiya, yana amsa waya ƙarfe goman dare. A wajen nan suka fi mu, ba a ilimi ba. Masu jin Hausa a cikinmu ba mu da yawa amma akwai mu, da za'a haɗa mu da limamai da gidajen rediyo musamman gab da azumi, lokacin ne masu suga suka fi rikicewa, a sha ruwa da sobolo da lamurje da burkina da masa a zama ɗaya sannan da asuba a rasa yanda za'ayi da ƙwaya. Hudubar Juma'a ɗaya da aka shirya da dayatishan zata kai inda fosta ɗari bazata kai ba.

Hajiya Mai Firiza:
Au ashe ku ne kuka sa aka ƙara mana kuɗin lemo?? Toh madalla. Ni ina saida kayan sanyi a Asawase, da kuɗin kirat ya hau mutane basu daina shan zaƙi ba 'yata, sobolo suka koma da burkina, kuma ni na san yawan sugan da ake zubawa a bokitin sobolo dan da hannuna nake haɗawa, in na rage yara su ce Hajiya yau ba daɗi su tafi wajen ta gaba. Wannan wa zai sa masa haraji?

Rukayya RD:
Hajiya kin kama ni, wannan ba wanda zai sa masa haraji, na kwalba da na gwangwani da na kwali dokar ke iya kamawa tunda su ke bi ta kamfani da tashar jirgin ruwa. Ni dai har yanzu ina goyon bayan harajin, yaron da ke shan kwalba biyu a rana in ya koma ɗaya an rage wani abu, amma bazan ce miki ya warware matsalan zango ba. Ki gwada yin kashi biyu, na kullum da wani mai ƙarancin suga ki ƙara masa citta da kanumfari da abarba, ki faɗa wa masu suga na unguwa akwai nasu, ina zaton zaki samu kwastoma.

Ɗan Nima maganarka ta shige ni. Amma ka sani ƙungiya mutane ne, shugabannin ma ma'aikata ne da malaman jami'a da ke yin abin bayan sun tashi aiki, ba albashi ake biyansu akai ba kaman yanda Baba ke zato. In mu 'yan zango bamu shiga mun biya kuɗinmu mun tashi a taro munce ga abinda muke so ba, wanda bai taɓa cin tuwon zafi a Aboabo ba bazai tuna damu ba. Ka min magana ta inbox, akwai wasu 'yan uwa biyu a Accra masu irin tunaninka.

Abu Fadama:
Ba wanda ya taɓa maganar garin shi kanshi. Maman Hanan ki duba jikin roban ko akwai lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna. Duk abin ci ko na sha ko na ƙarin lafiya da aka ƙulla ana saidawa sai FDA ta masa rajista, tallan ma sai ta amince kafin a sake shi. Kuma dokar lafiyar jama'a ta 2012, Act 851, ta hana a tallata abu ace yana warkar da wasu cututtuka da ta lissafa, suga da hawan jini na ciki. Kenan ko da lasin ɗinsa na gaske ne, cewa da yayi garin zai sa a aje magani shi kaɗai ya isa a kai maganar FDA, suna da ofis a Kumasi. Ki aje voice note ɗin da ya turo miki kar ki goge, ki ɗauki hoton roban gaba da baya.

Maman Hanan (Aboabo):
Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya bar zumunci. Roban maƙwabciyar tamu na duba ba lamba ba adireshi, sitika ne kawai da lambar waya. Anti Rukayya tambaya ɗaya ta rage, in zamu je wajen dayatishan ɗin me da me zamu riƙe, kuma Mma zata je da yunwa ne kaman ranan awon jini?

Rukayya RD:
A'a ta ci abincinta ta sha maganinta yanda ta saba, sai in likita ne yace akwai awo ranan. Ku riƙe takardan likita, katin asibiti, duk magungunanta a leda harda na gargajiya in tana sha, da sakamakon awo na baya bayan nan. Kwana uku kafin ku je ki riƙa rubuta duk abinda ta ci da lokacin, harda goro da shayin dare da abinda jikoki ke kawo mata daga waje. Kuma wacce ke dafa abincin gidan ita ya kamata ta raka ta, in da hali ku tafi da kwanon da take cin tuwo a ciki dan a nuna muku awon a jikinsa.