Modal ɗina ya ƙware a kan RadioML, amma ya kasa gane siginar gaske

Sabon Shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar sigina da rediyo.

Digiri na biyu nake yi, kuma aikina a kan gane salon modileshan ne (yadda ake ɗora bayani a kan igiyar rediyo), wato a miƙa wa kwamfuta guntun sigina ta faɗi ko BPSK ce, ko QPSK, ko 8PSK, ko QAM, ba tare da an gaya mata komai game da wanda ya watso ta ba. Na horar da CNN, wani nau'in modal na koyon na'ura, a kan RadioML 2016.10a, tarin detan nan da Tim O'Shea da abokan aikinsa suka fitar a 2016, mai salo 11, kowane misali samfur 128 na I da Q (lambobi biyu da ke nuna tsayi da kusurwar sigina), SNR (ƙarfin sigina a kan hayaniya) daga -20 zuwa +18 dB. Inda sigina ta rinjayi hayaniya sosai, modal ɗin yana cankar wajen 8 cikin 10, abin da bai yi nisa da wanda nake gani a takardun bincike ba.

Malamin da ke duba aikina ya ce sai ya ga abin ya yi aiki a kan siginar da ta bi iska. Sai na sa na'urar rediyo ta ADALM-Pluto tana watsa QPSK a 433 MHz, na'urar RTL-SDR irin ta da tana kamawa a ɗaya gefen tebur, samfur miliyan 1 a daƙiƙa, samfur 8 ga kowace alama (kowane guntun bayani da ake aikawa). Siginar tana da ƙarfi, a allo ma ƙarara ake ganinta. Amma modal ɗin sai ya riƙa cewa 8PSK ce, wani lokaci QAM. Da na watsa BPSK kuma, ya ce QPSK.

Me ya kamata in yi? In ƙara zurfin modal ɗin, in koma wani tsarin modal kamar ResNet ko LSTM? Ko in koma RadioML 2018.01A mai salo 24 da samfur 1024? Ko dai na'urar kamawar ce ba ta isa ba, sai an nemo USRP? Lokaci yana ƙure mini, kuma ina son aikin nan ya zama na gaske.

Tsohon Injiniya ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ajiye maganar ResNet tukuna, ɗauko takarda mu yi lissafi.

RTL-SDR irin ta da tana saita firikwansinta da kiristal marar gyaran zafi, kuma ba abin mamaki ba ne ya kauce da ppm (kashi cikin miliyan) gommai. Mu ɗauka 30 ne. A 433 MHz, ppm 30 ya kai kusan 13 kHz. Ita ma na'urar watsawar tana da nata kaucin, wanda zai iya ƙaruwa a kan wannan ko ya rage shi. Ma'anarsa, firikwansin da kake watsawa a kai da wanda kake saurare a kai ba ɗaya ba ne, don haka ɗigo huɗun QPSK ɗinka, wato kusurwoyi huɗun da take aika bayani da su, ba a tsaye suke ba, juyawa suke yi. Tagarka ta samfur 128 tana ɗaukar mikirosakan 128. Ninka da 13,000, za ka ga ɗigon sun yi zagaye ɗaya da kashi biyu cikin uku kafin taga ɗaya ta ƙare. Tsakanin alama da mai bi mata kuwa, mikirosakan 8 ke nan, juyin ya kai digiri 37. To tazarar ɗigon 8PSK digiri 45 ce. Ka ga modal ɗinka bai yi hauka ba. An nuna masa zobe mai kusurwoyi da yawa, ya kira shi da sunan abin da ya fi kama da shi a cikin abin da ya sani.

Gaskiya ne RadioML ta sa kaucin firikwansi da amsa-kuwwar hanya a cikin kwaikwayonta, amma abin da modal ya koya shi ne gwargwadon da aka sa, ba gwargwadon da na'urarka ke bayarwa ba.

Ga abin da zan so ka yi yau ɗin nan. Cire eriya, ka haɗa na'urorin biyu da kebul, da abin rage ƙarfi na 30 dB a tsakani don kada ka ƙona bakin na'urar kamawa. Wannan zai raba ka da matsalar iska da bango, ya kuma hana ka watsa abin da zai dami wasu. Ɗauki dogon rikodi, ka ɗaga kowane samfur zuwa ƙarfi na 4 (x × x × x × x), sannan ka yi FFT, lissafin da ke nuna firikwansin da ke cikin sigina. Kusurwoyin QPSK huɗu idan aka ninka su sau 4 wuri ɗaya suke faɗawa, bayanin ya goge, sai layi ɗaya siriri ya tsaya a ninki 4 na kaucin. Raba da 4, ka sami kaucinka, ka juya siginar baya da shi. Ragowar kuma madaukin Costas zai share, dabarar bin kusurwar sigina da John Costas ya wallafa tun 1956. Zana taswirar ɗigon kafin gyara da bayan gyara. Gani ya kori ji.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da ke kayar da mutane. RTL-SDR lambobi take bayarwa daga 0 zuwa 255, tsakiyarsu 127.5, sai ka cire wannan ka daidaita ƙarfin kowace taga daidai da yadda detan horon take. Na biyu, bit 8 gare ta, wato tazarar wajen 50 dB tsakanin mafi ƙanƙanta da mafi girma. Idan ka buɗe ƙarfin kamawa har ƙarshe, kawunan siginar za su yanke, kuma QAM ce farkon wadda za ta lalace domin bayaninta yana cikin tsayin siginar. Bit 8 ya ishi aikinka in ka saita shi da kyau. USRP za ta rage kaucin, ba za ta kawar da shi ba, kuma ba za ta koya maka dalilinsa ba.

Mai Kod ta rubuta:

Ranka ya daɗe Injiniya, lissafin nan babu ja a kansa. Inda nake da magana shi ne maganin. Madaukin Costas sai an gaya masa yawan kusurwoyin siginar, 2 ko 4 ko 8, kafin ya kama. Shi kuwa ɗan'uwanmu abin da yake nema ke nan tun farko. A teburinsa ya san QPSK ya watsa, amma ranar da aka ajiye na'urar tana sauraren abin da ba ta sani ba, wa zai gaya mata? Haka ɗagawa zuwa ƙarfi na 4: tana fitar da layi ga BPSK da QPSK da QAM, amma 8PSK sai ƙarfi na 8, GFSK da FM kuma wata hanya ce daban.

Ni abin da nake yi kashi biyu ne. Gyaran farko na makaho: a nemo tsakiyar tudun siginar a bakan firikwansi a jawo shi sifili, wannan ba ya buƙatar sanin salo. Abin da ya rage bayan haka, a koya wa modal ya jure shi. Wato lokacin horo, kowane misali a juya shi da kusurwar da aka zaɓa da ka, a ƙara masa ɗan kauci, a ɗan ja ko a matse lokacinsa, a ɗan karkata ma'aunin I da Q. Layuka kaɗan ne a NumPy. Muhimmin abu shi ne iyakar kaucin da za ka sa ta fito daga awon da ka yi a na'urarka, ba daga zato ba. Idan ka buɗe ta da yawa, modal zai daina bambance QPSK da 8PSK gaba ɗaya a gajeriyar taga.

Kuma shawarata ka daina dogaro da 2016.10a ita kaɗai. Da manhajar GNU Radio aka haɗa ta, kai ma kana da GNU Radio. Haɗa taka, inda ka san kowane saiti, ka san yadda aka auna SNR, ka san filtar da aka siffanta alamomin da ita. An daɗe da sanin cewa WBFM da AM-DSB, nau'o'in FM da AM, suna rikicewa a cikinta saboda wuraren shiru a muryar da aka ɗora, inda babu abin da ya rage sai igiyar ɗauka. Wannan ba laifin modal ɗin kowa ba ne.

Tsohon Injiniya ya rubuta:

Kin yi gaskiya, 'yar'uwa, a fagen aiki ba za a ba shi amsa kafin tambaya ba. Abin da na ba shi na gano ciwo ne. Amma ki lura, rashin fitowar layin a ƙarfi na 4 shi kansa shaida ce. In layi ya fito a ƙarfi na 2, BPSK ce ko danginta. In sai a 4, QPSK ko QAM. In sai a 8, 8PSK. Da haka ake rarrabe su kafin zuwan CNN, kuma FFT uku kacal ya ci.

Malama Dakta ta rubuta:

Sabon Shiga, ina duba ayyuka irin naka, bari in gaya maka abin da zan tambaye ka da a gabana za ka kare shi.

Tambayar farko: da me ka gwada modal ɗinka? Swami da Sadler sun wallafa hanyar rarrabe modileshan da kumulan mataki na huɗu, wasu ma'aunan lissafi da ake cirowa daga samfuran sigina irin su C40 da C42, a shekarar 2000. Idan aka daidaita ƙarfin sigina zuwa 1, girman C40 yakan zama 2 ga BPSK, 1 ga QPSK, 0 ga 8PSK, 0.68 ga QAM16, kusan 0.62 ga QAM64. Dubi lambobin nan da kyau, domin sun bayyana duk abin da ka gani. Juyin da Injiniya ya lissafa yana mayar da C40 na QPSK kusan sifili, wato darajar 8PSK. C42 kuma, wanda yake -2 ga BPSK, -1 ga QPSK, yakan koma -1 idan BPSK tana juyawa. Ka ce BPSK ta zama QPSK a wurinka, QPSK ta zama 8PSK. Lissafin shekara 20 da wani abu ya riga ya faɗi irin kuskuren da CNN ɗinka zai yi. Sa wannan hanya a matsayin ma'auni. Idan modal ɗinka ya fi ta, ka nuna a wane SNR da wane tsawon taga. Idan bai fi ta ba a wani wuri, ka rubuta hakan.

Ta biyu ta fi damuna, domin ita ke ɓata ayyuka masu kyau ba tare da mai aikin ya sani ba. Nan gaba za ka ɗauki rikodin gaske ka ƙara horar da modal da shi, kuma daidai ne. Amma idan ka yanka rikodi ɗaya gunduwa-gunduwa, ka cakuɗa, ka ba horo kashi 80 gwaji kashi 20, sakamakon zai yi kyau ƙwarai kuma ba shi da amfani. Gunduwoyin maƙwabtan juna ne: kauci ɗaya, ɗaki ɗaya, ƙarfi ɗaya. In ka ɗauki BPSK da safe, QPSK da rana bayan kiristal ya yi zafi, modal zai iya koyon bambancin kaucin safe da na rana ya bar modileshan ɗin, kuma lambobinka ba za su tona shi ba. Akwai fannin bincike sukutum na gane na'ura ta tabon da take bari a sigina, saboda haka kada ka yi shakkar cewa CNN na iya jin wannan tabon. Ware gwajinka da zama: rana daban, wuri daban, in da hali na'urar kamawa daban. A cikin zama ɗaya kuma ka riƙa sauya salon a cakuɗe. Ajiye kowane rikodi da bayaninsa, tsarin SigMF an yi shi ne don wannan.

Ta uku: me modal ɗin zai ce idan ya ji salon da ba a koya masa ba, kamar LoRa ko OFDM, ko hayaniya zalla? A yanzu dole ya zaɓi ɗaya cikin 11, kuma zai zaɓa da cikakken tabbaci. Na'urar sa ido a kan bakan rediyo da ba ta iya cewa "ban san wannan ba" ba za a amince da ita ba.

Kada ka ɗauki abin da ya faru a matsayin cikas. Giɓin da ke tsakanin kwaikwayo da iska shi ne aikin naka. Ko 3GPP, ƙungiyar tsara ƙa'idojin sadarwar wayar salula, da ta yi nazarin sa koyon na'ura cikin hanyar rediyon 5G a Release 18, a kan rahoton yanayin hanya da sarrafa bim (alƙiblar da ake tura sigina) da gano wuri, ɗaya daga cikin abubuwan da ta auna shi ne ko modal da aka horar a wani yanayi zai yi aiki a wani. Babi guda da ke ƙara lahani ɗaya-ɗaya, kauci, sannan zamewar agogo, sannan amsa-kuwwa, yana nuna nawa kowanne ya ci daga sakamakon, ya fi mini sabon modal mai hawa 50.

Sabon Shiga ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, Injiniya, Yaya Mai Kod, Malama. Na haɗa kebul ɗin na yi FFT na ƙarfi na 4. Layin ya fito kusa da 60 kHz, wato kaucin wajen 15 kHz ne, kuma na ga yana ɗan tafiya a mintunan farko bayan kunna na'urar. Da na juya siginar baya, ɗigo huɗun suka tsaya, modal ɗin nan dai da ban taɓa shi ba ya fara cewa QPSK. BPSK da 8PSK ma sun daidaita. Na fara haɗa detana a GNU Radio, zan kuma ware gwaji da rana kamar yadda Malama ta ce.

Saura QAM16 da QAM64. Ko ta kebul, bayan gyara, yana musanya su. Shi ma kaucin ne?

Mai Kod ta rubuta:

A'a, wannan gajartar taga ce. Samfur 128 a kan 8 ga kowace alama, alama 16 ke nan. QAM64 tana da ɗigo 64, kai kuma 16 kawai ka gani, wasu ma maimai ne. Ga lambobin Malama, 0.68 da 0.62, tazarar ta yi ƙanƙanta a auna ta da alama 16, ko da babu hayaniya. A detan da kake haɗawa ka mayar da tagar samfur 1024, alama 128. Kada ka liƙa misalan 2016.10a guda takwas don su kai 1024, domin ba a jere aka yanko maka su ba, kusurwa za ta yi tsalle a kowace mahaɗa. Kafin sabon horon ya kammala, ka gwada tara amsoshin tagogi takwas masu bin juna daga rikodinka ka ɗauki matsakaicinsu. Kuma da doguwar taga, ragowar kaucin da ka bari zai ninka juyinsa sau 8, saboda haka ka sake auna iyakar da za ka sa a horo, ka kuma bar na'urar ta yi zafi kafin ka fara ɗauka.