Neman kalma: me za mu kira abin da ya tare cikin bindiga?

Jama'a a taimaka da kalma. Masu koyar da harbi a Turai da Amurka suna da suna na duk abin da ya tsaya cikin bututun bindiga ya tare wa harsashi hanya, suna kuma da wani daban, sikwib, wato harsashin da albarushinsa ya yi kaɗan ko babu sam, ya tashi amma ya tsaya a tsakiyar bututu. Mu fa? Ga mafarauta ga 'yan sintiri ga masu buga bindiga a hawan sallah, ana aron bindiga ana gadonta, dole a samu kalmar da za a faɗa wa yaro ya gane nan take.

Wani ɗan uwa ya ce "cijewa". A'a malam, bindiga ta cije ai ta ƙi tashi ne. Wannan kuwa tashi take yi, shi ne ma bala'in, don iskar albarushi in ta rasa hanyar fita sai bututun ya kumbura ko ya tsage a hannun mai harbi, yatsu da ido su tafi.

"Toshewa" ba laifi amma ta yi faɗi, har famfo ma toshewa yake. Ni na fi son SHAƘEWA, kamar mutumin da loma ta tsaya wa a maƙogwaro. Kuma ta ɗauki komai: laka in mutum ya yi tuntuɓe bakin bindiga ya caki ƙasa, tsumman goge da aka manta a ciki, gidan zanzaro a bindigar da ta daɗe rataye a ɗaki, har da harsashin lamba 20, wanda ya fi siriri, da ya zurma cikin bindiga lamba 12 aka zo aka ɗora wani a bayansa.

Shi kuma sikwib na ce a kira shi KASA-FITA, irin ginin kalmar harba-ka-ruga. Alamarsa ƙara ta yi rauni, bindiga ba ta doki kafaɗa ba. Ka ji haka to wallahi kar ka sake jan kunama.

Wani dattijo ya ce duba cikin bututun a kira shi "leƙe". Baba a yi haƙuri, wannan kam ina tsoronta, yaro zai ji leƙe ya kai ido bakin bindiga. Gara "duban shaƙewa". Bindiga mai karyewa, wato mai buɗewa ta baya, a buɗe ta, a cire harsashi, a duba ta baya ana fuskantar haske. Bindigar toka ba ta buɗuwa ta baya, ita sai a zura sandar ɗuri a kama inda ta tsaya, a fitar a gwada ta waje a jikin bututu, in ba ta kai gindi ba akwai abu ciki, sau da yawa tsohon ɗuri ne da wani ya bari.

Mafarautan Katsina da Damagaram, in akwai kalmar da iyayenku ke faɗa ku kawo ta, ita za mu ɗauka a bar tawa.