Wai da gaske Mary Slessor ce ta hana kashe tagwaye a Kalaba?

Malam Sani: Salam jama'a, yau yarona ya dawo da jinga daga makaranta, wai wace ce ta hana kashe tagwaye a Najeriya, amsa Mary Slessor. Haka mu ma aka koya mana, amma wani abokin aikina ɗan Kuros Riba ya ce ba haka abin yake ba. Masana ku fitar da mu duhu.

Rifkatu: Malam ai wannan ba abin musu ba ne. Ta zo Kalaba daga Sikotland a 1876, 'yar masaƙa ce daga Dundee, ta koyi yaren Efik kamar 'yar gari, ta riƙa tsinto jarirai a daji tana reno a ɗakinta har ta rasu a 1915 a ƙauyen Use Ikot Oku. Idan ba ita ba to wa?

Ishaya: Anti Rifkatu ki yi haƙuri amma ki duba shekarun. Mishan ɗin Presbiteriyan ya sauka Kalaba tun 1846, Hope Waddell ne ya jagorance su daga Jamaika, kuma akwai baƙaƙen fata 'yan Jamaika a tafiyar waɗanda ba a ko ambaton su. Lokacin ba a ma haifi Slessor ba, sai 1848. A 1850 ƙungiyar Ekpe, wadda ita ce ke da doka a garuruwan Efik, ta haramta kashe bayi a jana'izar manya, Sarki Eyo Honesty na biyu na Creek Town yana cikin waɗanda suka tsaya, kuma tun zamaninsa ake ja da kisan tagwaye, matan 'yan mishan na karɓar iyayen da aka kora suna ɓoye su a harabar coci. Shekara 30 ana wannan fama kafin ta iso.

Rifkatu: To me ya sa ba a daina ba har ta zo ta tarar ana yi?

Ishaya: A cikin gari an kusa gamawa. A 1878 ƙaramin jakadan Ingila, David Hopkins, ya sa manyan Duke Town, wato babban garin Efik a Kalaba, suka sa hannu a yarjejeniyar hana kisan, shekararta biyu kacal da zuwa, ba ita ta ɗaura ba.

Hajiya Talatu: Ishaya ni fa ban yarda a rage mata daraja ba, takarda daban ƙauye daban. Dokar Duke Town ba ta isa Okoyong ba, wani yankin ƙauyuka a arewacin Kalaba, mutanen can ba sa jin maganar Efik balle ta Bature, kuma can ɗin Slessor ta tattara ta koma a 1888 ba soja ba ɗan sanda, ta zauna a ɗakin laka tana cin abincinsu. Mace ta haihu da dare a ce gobe za a jefar da 'ya'yanta ita kuma a kore ta daji, wa zai taka ya je kafin gari ya waye? Sai wanda yake kwana a ƙauyen. Mu da muke murna da Hassan da Husaini har mu sa wa na bayansu Gambo, wallahi raina na ɓaci in na tuna halin da matan nan suka shiga.

Ishaya: Hajiya ban musa wannan ba. Amma ko a Okoyong ɗin ba ita kaɗai ba ce, Ma Eme, 'yar'uwar sarkin ƙauyen Ekenge, ita ke rada mata abin da ake shiryawa a ɓoye. Sannan daga 1892 Turawan mulki suka ba ta muƙamin shari'a a yankin, kenan akwai ƙarfin gwamnati a bayanta, ba wa'azi zalla ba.

Fasto Bitrus: Bari in sa baki 'ya'yana. Abin da ke damuna shi ne fastocin ƙasa da aka manta. Esien Esien Ukpabio shi ne na farko da aka yi wa baftisma a 1853, aka keɓe shi fasto a 1872, tun Slessor tana masaƙa. Hugh Goldie ya fassara Sabon Alkawari da Efik a 1862, kuma wa ke karanta wa mutanen ƙauye shi ran Lahadi? Malamai da dattawan ikilisiya 'yan ƙasa, domin tsarin Presbiteriyan dattawa ne ke riƙe da coci tare da fasto. Baturen zazzaɓi ya kama shi ya tafi hutu gida, su suna nan, su ne za su ce wa ƙaninsu ko surukinsu kar ka taɓa yaran nan, su kuma sha zagi a cikin dangi. Wannan ya fi wuya.

Rifkatu: Baba na ji, amma yaran da ta goya kamar Janie ai rayuka ne da aka gani da ido.

Malam Sani: To yanzu me yaron zai rubuta gobe?

Ishaya: Ya rubuta Slessor don kar a kayar da shi, amma Malam ka zaunar da shi ka ba shi labarin Ukpabio da Ma Eme da Sarki Eyo.

Hajiya Talatu: Ka kuma gaya masa ita ce ta je Okoyong lokacin da kowa ke tsoro, wannan ba zan janye ba.